Lambu a Cikin Bokiti: Yadda Na'a-na'a da Ɗoɗɗoya Ke Rayuwa a Tsakar Gida

A tsakiyar shekarar 2024, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin ɗari. Tumatir da attaruhu sun yi tsadar da ta sa wasu gidajen komawa ga miyar kuka da busasshiyar kuɓewa ba don sha'awa ba. A wannan tsakanin ne Uwargidan Shugaban Ƙasa, Oluremi Tinubu, ta ƙaddamar da gasar da ke kiran kowane gida ya yi lambu, hotunan shuka a buhunan siminti kuma suka cika Facebook. Kiran ba sabo ba ne. Tun 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta yi irinsa a shirinta na ciyar da ƙasa. Abin da ya sauya shi ne gidajen: tsakar gida ta ƙanƙance, an shafe ta da siminti, mai haya kuma ba shi da ikon haƙa ko da taku ɗaya. Sai bokiti da buhu da tsohuwar randa.

Mafi yawan masu farawa da tumatir suke farawa, shi ne kuma ya fi saurin karya musu gwiwa. Yana son mazubi mai cin kamar lita 20, da ruwa a kan kari, da sandar jingina, ga farin ƙuda da tsutsa suna jiran sa. Bayan wata uku ana hidima, abin da za a tsinka ba zai wuce miyar kwana biyu ba. Ribar lambun bokiti tana ga ganyayen da ake saye kaɗan-kaɗan, waɗanda ke yanƙwanewa kafin gobe: na'a-na'a ta shayi, ɗoɗɗoya ta farfesu, lawashi, alayyahu, yakuwa. Waɗannan ana tsinka suna sake tohowa, kuma zurfin ƙasa na santimita 20 zuwa 30 ya ishi yawancinsu.

Irinsu ma ba sai an saya ba. Ɗaurin na'a-na'a da aka sayo a kasuwa, in ɗanye ne shar, iri ne. A yanki reshe mai tsawon santimita 10, a cire ganyen ƙasa, a tsoma gindin a kofin ruwa a ajiye inda akwai haske amma ba rana kai-tsaye ba. Cikin mako ɗaya zuwa biyu fararen saiwoyi za su fito daga gaɓoɓin. Haka ɗoɗɗoya take. Gindin albasa mai gashin saiwa, wanda ake yankewa a zubar, in aka dasa shi zai ba da lawashi. Sharaɗi ɗaya ne ga na'a-na'a: a ba ta mazubinta ita kaɗai, domin tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, kuma duk abin da aka haɗa ta da shi sai ta cinye masa wuri.

Wurin da ake yawan faɗuwa kuwa ido ba ya ganin sa. Saiwa tana numfashi. Tana shaƙar iskar oksijin da ke maƙale a ƙananan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, in ruwa ya cike kafofin nan ya zauna, saiwar ta shaƙe, ta ruɓe. Ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya jan ruwa zuwa sama, don haka ganye ya langaɓe ya yi rawaya, daidai yadda yake yi in ƙishi ya kama shi. Mai lambu ya gani, tausayi ya kama shi, ya ƙara ɗebo buta. Da haka ake kashe shuka da yawa a cikin bokiti, ana zaton ceton su ake yi.

Maganin yana farawa kafin a zuba ƙasa. A huda gindin mazubin wuri huɗu ko biyar, faɗin kowace huda kamar ɗan yatsa, a ɗora shi a kan bulo ko duwatsu don ruwa ya samu mafita. Akwai shawarar da ta yaɗu cewa a shimfiɗa tsakuwa a ƙasan bokiti wai don ruwa ya tsane. Masana kimiyyar ƙasa sun daɗe suna nuna cewa ba haka abin yake ba: ruwa ba ya saurin tsallakawa daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa sai ƙasar ta jiƙe sharkaf, saboda haka tsakuwar tana rage wa saiwa wuri ne kawai, tana kuma matso da jiƙaƙƙen ɓangaren kusa da ita. Tsingaro guda a kan kowace huda, don kada ƙasa ta zurare, ya wadatar.

Ita ma ƙasar ba kowace ba. Laƙar fadama da ke ba da amfani a fili, in aka ɗura ta a bokiti sai ta dunƙule ta yi tauri kamar tubali. Yashi zalla kuma ba ya riƙe komai. Haɗin da ke aiki shi ne ƙasar gona, da takin gargajiya da ya ruɓe sosai, da wani abu mai buɗe ƙasa, yashin kogi ko ɓuntun shinkafa da aka babbaka, kusan kashi ɗaya-ɗaya. Gwajin a hannu yake: a jiƙa, a damƙa, in ya dunƙule amma da an taɓa ya wargaje, ya yi. Kalmar "ruɓe" a nan ba ado ba ce. Ɗanyen kashin kaji yana da ƙarfin da ke ƙona saiwa cikin kwanaki, ga ƙwayoyin cuta da zai iya ɗorawa a kan ganyen da za a ci ba dafawa. Sai ya yi watanni a tare, ya yi baƙi, warinsa ya tafi. Takin zamani ma haka: abin da gona za ta shanye ba ta ji ba, a bokiti guba ne, ɗan tsunkule a nesa da gindi ya isa.

Sai zafi. Littattafan lambu da aka rubuta a Turai suna cewa ganyayen ƙamshi na buƙatar rana ta aƙalla awa shida, kuma gaskiya ne a can. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin watan Afrilu ke kaiwa digiri 40, wanda ya bi wannan ido rufe zai dafa shukarsa. Baƙar roba da ke zaune kan siminti da azahar tana ɗaukar zafin da ya wuce na iskar wurin sosai, saiwoyin da ke manne da jikinta su ne ke fara mutuwa. A bazara, wuri mafi kyau shi ne gindin katangar da ke samun hantsi, inuwa ta rufe ta bayan azahar. Da hunturu kuwa ana iya fito da su fili, sai dai busasshiyar iskar na shanye danshi da sauri. 'Yar ciyawa ko ɓuntu a saman ƙasar yana rage wannan.

A nan tukunyar ƙasa ta fi roba. Ruwa yana tsatsafowa ta jikinta, yana bin iska, yana tafiya da zafi, dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi ke nan. Wannan hikimar ce Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya ɗauka ya sa ƙaramar tukunya cikin babba da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Mai lambu na iya aron dabarar: ya zura bokitin shuka cikin wani mazubi da ya fi shi girma, ko ya naɗe shi da buhun algarara yana jiƙawa. Kuɗin da tukunyar ƙasa ke karɓa shi ne ban-ruwa akai-akai, tunda ta fi saurin bushewa.

Ban-ruwa ba shi da jadawali. A cusa yatsa har gaɓa ta biyu, in an ji danshi a bari, in a bushe yake a zuba har sai ya ɗiga ta ƙasa. Da safe ya fi. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk suna yi, ba sai an sayi jarka daga mai garuwa domin lambu ba. Ruwan wanki mai omo ne bai dace ba, saboda gishirinsa yana taruwa a mazubin. In aka ga fari-fari ya fito a bakin tukunya ko saman ƙasa, alamar taruwar gishiri ce, sai a kwarara ruwa mai yawa sau ɗaya ya wanke ya fice. Kada a bar ruwa kwance a faranti ƙarƙashin bokiti, don sauro ba ya buƙatar fiye da haka ya yi ƙwai.

Tsinka ma da iyawa. Tohon da ke saman reshe yana fitar da wani sinadari mai suna oksin da ke danne tohon gefe. Da an tsinke kan, sai rassa biyu su fito daga gaɓar da ke ƙasa, shukar ta yi duhu maimakon ta miƙe siririya. Shi ya sa mai ɗebe manyan ganyen ƙasa yana barin kai yake ƙarewa da doguwar sanda. A tsinka daga sama, kada a wuce kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda, kuma da ɗoɗɗoya ta fara fure a cire shi, domin in ta juya ga yin iri sai ta rage ganye.

Maƙiyan farko a gidajenmu manya ne: akuya, kaji, da ƙadangaren da ke yanke sabon tsiro. Tsohon gidan sauro da aka ɗaura a kan sanduna ya ishe su. Ƙananan, irin su darɓa da farin ƙuda, suna ɓuya a bayan ganye, kuma in aka gan su da wuri feshin ruwa mai ƙarfi ko ruwan dakakken 'ya'yan darbejiya da ya kwana a jiƙe yana rage su. A fesa da yamma, a wanke ganye kafin amfani. Abin da ba ya halatta shi ne fiya-fiya. Ragowar sinadarin da ke cikinsa ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya a 2015, balle a ce ganyen da za a jefa a shayi. Haka nan jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko baƙin mai ba ta zama mazubin shuka, ko sau nawa aka wanke ta.

Bayan kamar shekara guda, na'a-na'a za ta fara ƙananan ganye, ruwa kuma ya riƙa wucewa da zarar an zuba. Saiwa ce ta cika bokitin. A juye shi, a raba dunƙulen gida uku ko huɗu da wuƙa, a mayar da guda cikin sabuwar ƙasa, sauran a dasa a wasu mazuban. Farkon damina ko lokacin sanyi ya fi dacewa da wannan aikin, ba tsakiyar bazara ba.