Gajimaren stratosfiya na ƙarshen duniya

Gajimaren stratosfiya wani nau'in gajimare ne da ke haɗuwa da hunturu a saman Antatika da yankin Aktik, a tsayin kilomita 15 zuwa 25 daga doron ƙasa. Yawancin gajimaren da ke kawo ruwan sama ba ya kai nan, domin iskar stratosfiya busasshiya ce ƙwarai, sai sanyi ya wuce misali kafin ɗan tururin da ke cikinta ya daskare. Shi ne babban dalilin da ya sa ramin ozon ya buɗe a saman Antatika ba wani wuri ba.

Yadda yake haɗuwa

Da hunturu rana kan yi watanni ba ta fito ba a ƙarshen duniya. Sai wata iska mai ƙarfi ta riƙa kewaya yankin, ta killace iskar ciki, ta hana ta cuɗanya da mai ɗumi ta waje. Idan sanyi ya kai kimanin digiri 78 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, sai nau'i na farko ya haɗu, wanda ya ƙunshi ruwa da asid na naitirik, wani lokaci har da na salfa. Nau'i na biyu ƙanƙara ce zalla, yana buƙatar wajen digiri 85 ƙasa da sifili. Shi ne mai ƙyalli kala-kala kamar cikin ƙwaryar lu'ulu'u, ana ganin sa a Norway da Iceland da Scotland bayan faɗuwar rana ko gab da fitowarta, lokacin da ƙasa ta yi duhu amma haske na dukan sa daga ƙasa.

Tasirinsa ga ozon

Kulorin da ke stratosfiya akasarinsa ya fito ne daga sinadaran CFC da aka daɗe ana zubawa a firji da na'urar sanyaya ɗaki da gwangwanin feshi. Galibinsa a ɗaure yake cikin HCl da ClONO₂, waɗanda ba sa taɓa ozon, kuma a cikin iska kawai da ƙyar suke haɗuwa da juna. Amma a jikin ƙwayoyin gajimaren nan suna haɗuwa da sauri, su saki iskar kulorin (Cl₂), asid na naitirik kuma ya maƙale a gajimaren. Manyan ƙwayoyin sukan nitse ƙasa su tafi da naitirojin, wato abin da zai sake ɗaure kulorin ya yi ƙaranci.

Kulorin ɗin kan taru cikin duhu. Da rana ta dawo a watan Satumba, haskenta sai ya farfasa shi, ya shiga lalata ozon. Ƙwayar kulorin ba ta ƙarewa a wannan aiki, guda ɗaya kan rusa dubban ƙwayoyin ozon. Raguwar ozon na barin hasken rana mai ƙuna ya iso ƙasa, mai jawo kansar fata da yanar ido.

A Aktik iskar da ke kewayawa ba ta da ƙarfi kamar ta kudu, don haka ɓarnar ba ta kai ta Antatika ba, ko da yake an yi babbar asara a 2011 da 2020.

Tarihin bincike

A 1985 Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin na hukumar binciken Antatika ta Birtaniya suka bayyana a mujallar Nature cewa ozon na raguwa sosai a saman tashar Halley. Lissafin masana na lokacin bai hango haka ba, don bai sa gajimare a ciki ba. A 1986 Susan Solomon, masaniya 'yar Amurka, da abokan aikinta suka ce a jikin gajimaren ne abin ke faruwa, kuma ta jagoranci tawaga zuwa tashar McMurdo a shekarar, inda awon da suka yi ya goyi bayan bayanin. An sa hannu kan Yarjejeniyar Montreal a 1987 don daina ƙera CFC. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya yi hasashen ozon na Antatika zai koma matakinsa na 1980 wajen shekarar 2066.