Ko Kun Sani? Akwai Ƙullutun Huhu Da Ake Haihuwar Jariri Da Shi

Tun jariri yana cikin mahaifa, wani sashe na huhunsa kan iya rikiɗewa ya zama ƙullutu mai 'yan ƙananan jakunkuna, wanda ba ya aikin numfashi. Likitoci na kiran larurar CPAM, kuma wasu masana biyu, Ch'in da Tang, ne suka bayyana ta a 1949.

Yawanci a hoton ciki na mako 20 ake hango ƙullutun. Yakan yi ta girma har wajen mako 28, daga nan ya tsaya, wani ma ya ƙanƙance. Idan ya ture zuciyar ɗan tayi gefe, ruwa ya fara taruwa a jikinsa, akan yi wa uwar allurar betamethasone.

Akasarin waɗannan jarirai lafiya lau suke numfashi ranar haihuwa. In ta kai ga tiyata, sashen da ya lalace ake cirewa. Huhun dama sassa uku gare shi, na hagu biyu, kuma ragowar kan buɗe ta cike gurbin, domin huhun yaro yana ci gaba da fitar da sababbin jakunkunan iska shekaru bayan haihuwa.