Yadda Kyautar IBM Ta Karya Kasuwar Na'urorin Rubuta Manhaja

Lokacin da kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya fito da tsarin Enterprise JavaBeans a shekarar 1998, manufar ita ce a sauƙaƙa wa manyan kamfanoni irin su bankuna gina manhajojinsu daga ƙananan sassa, kamar yadda magini ke jera bulo. Sai dai kowane sashi guda, ko da na duba ragowar kuɗin asusu ne kawai, yana bukatar fayil uku na umarni, da na huɗu mai bayyana yadda za a girka shi. In aka sauya suna a ɗaya, tilas a bi sauran a gyara, in ba haka ba aiki ya tsaya cik.

Wannan maimaici albashi yake ci, kuma ƙwararrun harshen Java ba su da araha a lokacin. Nan kasuwa ta buɗe. Kamfanin Borland da manhajarsa ta JBuilder, da IBM da tasa VisualAge, suka riƙa sayar da dandalin aiki inda ma'aikaci zai cike 'yan gurabu, kwamfuta ta rubuta masa sauran. Wata manhajar kyauta, XDoclet, ita ma tana fitar da fayilolin daga alamomin da aka sanya cikin babban fayil.

Cinikin bai ɗore ba. A watan Nuwamba na 2001 IBM ya saki dandalin Eclipse kyauta, dandalin da ya ƙiyasta darajarsa a dala miliyan 40. Ba sadaka ba ce: ribarsa tana ga manyan na'urori da manhajojin da yake sayar wa kamfanoni. Borland kuwa da kuɗin lasisi ya dogara, kuma ba a gasa da kyauta. A 2008 ya sayar da reshen nasa ga kamfanin Embarcadero a kan kimanin dala miliyan 23.

Kafin nan ma an riga an taɓa tushen cinikin. Na'urorin rufe aibin tsarin kawai suke yi, ba su gyara shi ba, shi ya sa ma'aikata da dama suka koma ga tsarin Spring mai sauƙi. Bugu na uku na Enterprise JavaBeans, wanda ya fito a 2006, ya soke wajabcin yawancin fayilolin, ya maye gurbinsu da gajerun alamomi.

Kamfanin Oracle ya saye Sun a 2010, sannan a 2017 ya sanar da miƙa tsarin ga Gidauniyar Eclipse, inda aka sauya wa rukuninsa suna zuwa Jakarta EE.