Rumbun Harsashi a Gidajen Amurkawa: Nawa Ake Ajiyewa, Kuma Don Me?

Muhawarar da ake yi a Amurka game da makamai ta fi karkata kan ita kanta bindigar, wato wanda ya cancanci riƙe ta da kuma irin wadda doka ta yarda a saya, alhali bindigar da aka kula da ita tana iya yin shekaru hamsin ko fiye tana aiki, harsashi kuwa shi ne abin da ke ƙarewa, a koma kanti a sayo wani. Cibiyar Small Arms Survey da ke birnin Geneva ta ƙiyasta cewa a shekarar 2017 akwai bindigogi kimanin miliyan 393 a hannun farar hula a Amurka, ke nan bindiga 120 ga kowane mutum 100, kuma binciken cibiyar Pew na 2023 ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na baligan ƙasar sun mallaki bindiga, mafi yawansu suna cewa kare kai ne babban dalilinsu. Sai dai idan aka dubi yawan harsasan da masu bindigar ke tarawa a gida, za a ga cewa kare kai bai isa ya bayyana shi ba, kuma abin da ya fi bayyana shi shi ne atisaye da farashi da kuma tunawa da shekarun da kantuna suka wayi gari babu ko kwali ɗaya.

Dokar tarayya ba ta ƙayyade adadin harsashin da mutum zai saya ko ya ajiye ba. Dokar Taƙaita Bindigogi ta 1968, wadda aka zartar a shekarar da aka kashe Martin Luther King da Robert Kennedy, ta wajabta wa dillalai rubuta sunan mai sayen harsashi, ta kuma hana aika shi ta gidan waya daga wata jiha zuwa wata, amma dokar 1986 da Shugaba Ronald Reagan ya sa wa hannu ta soke waɗannan sharuɗɗa. Abin da ya rage a matakin tarayya shi ne batun shekaru, 18 ga harsashin doguwar bindiga da 21 ga na ƙaramar bindiga idan daga dillali mai lasisi za a saya, sai kuma haramcin da ke kan waɗanda aka hana mallakar makami tun asali, kamar waɗanda kotu ta taɓa samu da babban laifi. Saboda haka a yawancin jihohi mutum yana iya yin odar harsashi dubu biyar ta intanet, a kawo masa har ƙofar gida kamar yadda ake kawo kowane kaya.

Abin da ake kira harsashi a maganar yau da kullum haɗin abubuwa huɗu ne: kwanso, wanda galibi na tagulla ne, albarushin da ke cikinsa, makunni, wato ɗan ƙaramin sinadarin da ke gindin kwanson wanda ke kamawa da zarar allurar bindiga ta doke shi, sai ƙwayar da ke fita, wadda yawanci dalma ce da aka lulluɓe da jan ƙarfe. Kowace bindiga tana da awon bakinta, kuma ba ta karɓar harsashin da bai yi daidai da ita ba, shi ya sa mai bindiga huɗu masu awo daban-daban dole ya yi ajiya kashi huɗu. Ana sayar da harsashin ƙaramar bindiga a kwali mai 50, na raifil a kwali mai 20, na bindigar harbin tsuntsaye a kwali mai 25, sannan katan guda yakan ɗauki 1,000. Katan ɗaya na harsashi mai awon milimita 9, wanda shi ne aka fi amfani da shi a ƙananan bindigogi, nauyinsa bai wuce kilo 12 ko 13 ba, kuma yana shiga ƙarƙashin gado ba tare da ya tare wuri ba, abin da ya kamata mai karatu ya riƙa tunawa duk lokacin da ya ji an ce an samu dubban harsasai a gidan wani.

Bukata ta bambanta ƙwarai daga mutum zuwa mutum. Mafaraucin da ke fita neman barewa sau ɗaya a shekara, a lokacin da jiha ta buɗe farauta, kwali ɗaya mai 20 yana iya kai shi shekara biyu ko uku, domin harbi kaɗan zai yi wajen daidaita saiti, ɗaya ko biyu kuma a daji. Wanda ya sayi ƙaramar bindiga don tsaron gida, ya jefa ta a durowa, shi ma kwali ɗaya ko biyu ya ishe shi, kuma irin waɗannan mutane ba kaɗan ba ne. Lissafin yana canzawa ne ga wanda ke zuwa filin atisaye, inda harbi 100 ko 200 ke ƙarewa cikin sa'a guda, ga kuma makarantun koyar da harbi da kan bukaci ɗalibi ya zo da harsashi 500 zuwa 1,000 don kwas na kwana biyu. Masu shiga gasa kuwa suna ƙona dubbai masu yawa a shekara. A tsakanin masu sha'awar harkar akwai wata ƙa'ida da ake yawan maimaitawa, cewa mutum ya tanadi dubu ɗaya ga kowane awon da yake da shi, kuma ko da yake babu wani nazari a bayan wannan adadi, ba a rasa dalilin karɓuwarsa ba, tunda shi ne daidai abin da katan ke ɗauka.

Farashi ma yana tura mutane ga sayen sari, domin harsashin katan ya fi na kwali sauƙi, kuma kuɗin dakon kaya mai nauyi ya fi araha idan an yi shi sau ɗaya. Akwai harajin kashi 11 cikin ɗari a kan harsashi, wanda dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta keɓe don kula da namun daji da dazuzzukansu, ta yadda duk shekarar da tsoro ya kori jama'a zuwa kantuna, hukumomin gandun daji na jihohi su ne ke samun ƙarin kuɗi.

Babban abin da ya sauya halayyar masu saye shi ne ƙarancin da aka yi fama da shi har sau uku cikin shekaru goma sha biyu. Na farko ya biyo bayan zaɓen Barack Obama a 2008, lokacin da aka yi ta raɗe-raɗin cewa sabuwar gwamnati za ta tsaurara doka ko ta ɗora haraji mai nauyi. Na biyu, wanda ya fi tsanani, ya zo ne bayan harin makarantar firamare ta Sandy Hook a jihar Connecticut a watan Disamban 2012, inda aka kashe yara 20 da manya 6, Majalisar Dattawa kuma ta shiga muhawarar sababbin dokoki waɗanda a ƙarshe ba su samu wucewa ba. Kafin a kai ga ƙuri'a jama'a sun riga sun kwashe abin da ke kantuna, har dillalai suka koma ƙayyade kwali biyu ko uku ga mutum ɗaya, mutane kuma suna sammako su yi layi a ranar da motar kaya ke isowa. Harsashi mai lamba .22, wanda ƙarami ne kuma shi ne mafi araha, wanda da shi ake koya wa yara harbi kuma ake sayar da shi 500 a ƙunshi ɗaya, ya yi shekaru yana wuyar samu. A wannan lokaci ne aka baza jita-jitar cewa Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ce ke saye harsasai fiye da biliyan ɗaya don ta hana farar hula samu, amma da ofishin binciken kuɗi na Majalisa ya duba lamarin, rahotonsa na 2014 ya nuna cewa sayayyar ma'aikatar raguwa ma ta yi tun daga 2009.

Na uku shi ne na 2020, wanda abubuwa da dama suka haɗu suka haifar: annobar korona, zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd a Minneapolis a watan Mayu, da zaɓen shugaban ƙasa mai zafi. Hukumar FBI ta gudanar da binciken tantance masu neman bindiga kusan miliyan 40 a wannan shekara, ƙungiyar masana'antar makamai ta NSSF kuma ta ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan 8 ne suka sayi bindiga a karon farko a rayuwarsu. Idan kowannensu ya nemi kwali biyu kacal, an kai harsashi miliyan 800 da ba su cikin lissafin kowa a farkon shekarar. A daidai lokacin ne kamfanin Remington, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera harsashi, ya shiga fatara a watan Yuli, masana'antarsa da ke Lonoke a jihar Arkansas ta yi sanyi har sai da kamfanin Vista Outdoor ya saye ta. Farashin harsashi mai milimita 9 ya ninka kusan sau uku. Masu haɗa nasu harsashin a gida, waɗanda ke tsince kwanson da aka harba su sake cika shi, su ma ba su tsira ba, domin kamfanoni kaɗan ne ke yin makunni a Amurka, kuma sun gwammace su zuba shi a nasu kayan da su sayar da shi tsurarsa. Ana cikin haka, a watan Agustan 2021, gwamnatin Joe Biden ta dakatar da ba da sabon izinin shigo da harsashin Rasha, wanda shi ne mai rahusa a kasuwa, a matsayin takunkumi kan guba da aka sa wa ɗan adawar ƙasar, Alexei Navalny.

Dalilin da ya sa masana'antu ba sa cike giɓin da wuri shi ne cewa injinan ƙera harsashi suna da tsada, kafa su yana cin lokaci, kamfanoni kuma sun ga yadda kasuwa ta faɗi bayan zaɓen Donald Trump a 2016, lokacin da tsoron sababbin dokoki ya gushe aka bar dillalai da kaya jibge. Sun fi son ƙara sa'o'in aiki a kan gina sabuwar masana'anta da za ta iya zama kufai bayan shekara biyu. A nan ne ajiyar ke cin kanta: wanda ya taɓa zuwa kanti ya dawo hannu rabbana, duk ranar da ya sake ganin kaya zai ɗauki iyakar abin da aljihunsa ya iya, na bayansa kuma ya tarar da wayam, shi ma ya ƙudurta haka. Hali ne irin na ɓoyon hatsi idan aka ji ƙishin-ƙishin damina ba za ta yi kyau ba, inda kowane magidanci yake da hujja a karan kansa, amma haɗuwarsu ce ke kawo tsadar da suke gudu. Akwai wani rukuni da ke tanadi don ranar da suke zaton hukuma za ta rushe, har suna ɗaukar harsashi a matsayin abin musaya idan kuɗi ya daina aiki, sai dai ana ba su muhimmanci fiye da yawansu, domin labarinsu ya fi daɗin bayarwa.

Abin da ya sa tara harsashi ba ya zama asara shi ne daɗewarsa. Idan an raba shi da danshi da zafi mai hawa da sauka yana iya yin gomman shekaru yana aiki, shi ya sa aka fi son akwatunan ƙarfe na rarar sojoji masu roba a bakin murfi, tare da ƙullin sinadarin da ke tsotse laima. Gwaje-gwajen da cibiyar SAAMI mai tsara ma'aunin makamai ta yi don 'yan kwana-kwana sun nuna cewa harsashin da gobara ta ci a wajen bindiga ba ya tashi gaba ɗaya kamar bam, ɗai-ɗai yake fashewa ba tare da ƙarfin da bututun bindiga ke ba shi ba. Duk da haka dokar gobara ta jihar Massachusetts ta bukaci izini idan ajiyar ta wuce wani adadi, wanda ya kai 10,000 ga wasu nau'o'in.

Wasu ƙasashe sun bi ta kan adadin kai tsaye. A Birtaniya takardar izinin raifil tana ɗauke da iyakar harsashin da mai ita zai riƙe, dokar Afirka ta Kudu ta 2000 ta tsayar da 200 ga kowace bindiga mai lasisi, ban da waɗanda aka yi wa rajista a matsayin mafarauta ko 'yan gasa, Suwizalan kuma ta daina bai wa yawancin sojojinta gwangwanin harsashin da suke ajiyewa a gida tun daga 2007. A Amurka irin wannan tunani ya sha tasowa. Sanata Daniel Patrick Moynihan na New York ya kawo shawara a 1993 cewa a ɗora haraji mai tsanani a kan wasu nau'o'in harsashi, bisa hujjar cewa bindigogin da ke hannun jama'a za su daɗe ƙwarai amma harsashin da ke ƙasa na 'yan shekaru ne, shawarar kuma ba ta kai ko'ina ba. Maganar ta sake tashi bayan harin gidan sinima na Aurora a jihar Colorado a watan Yulin 2012, inda mutum 12 suka mutu, da aka gano cewa maharin ya sayi harsashi fiye da 6,000 ta intanet cikin 'yan makonni ba tare da kowa ya tambaye shi ba. Wahalar ita ce adadin shi kaɗai ba ya nuna niyya, tunda ɗan gasa yana iya yin oda irin wannan a kowane wata uku, yawancin kisan da ake yi da bindiga a ƙasar kuma, har da kisan kai wanda shi ne fiye da rabi, ba ya bukatar ko kwali guda.

Wannan ne ya sa jihohin da suka ɗauki mataki suka fi mai da hankali kan wanda ke saye maimakon yawan abin da ya saya. Illinois tana bukatar katin shaidar mai bindiga kafin a sayar wa mutum harsashi, New York ta fara tantance masu saye a watan Satumban 2023, Kalifoniya kuwa, bayan ƙuri'ar raba gardama ta 2016, ta fara tata tantancewar a ranar 1 ga Yulin 2019, dokar da tun daga lokacin take yawo a kotuna kan ko ta saɓa wa gyara na biyu na tsarin mulki mai kare 'yancin riƙe makami, wanda aka amince da shi a 1791. A makonnin da suka gabaci 1 ga Yulin 2019, dillalan Kalifoniya sun ba da labarin ciniki irin wanda suka daɗe ba su gani ba, masu saye suna fita da katan-katan kafin dokar ta fara aiki.