Sandar Ɗora Bindiga: Yadda Maharban Sanɗa Ke Zaɓenta

Maharbin da ya yi wuni yana sanɗar dabba, lokacin da zai iso inda harsashi zai kai, ya riga ya gaji, numfashinsa ya yi sama, hannunsa kuma yana rawa. Motsin da bai kai faɗin ƙwayar gero ba a bakin bindiga ya isa ya kautar da harsashi daga zuciyar dabba zuwa cikinta, idan nisan ya kai mita 100. Dabbar da aka harba a ciki kuwa ba ta faɗuwa nan take, sai ta shige daji ta yi kwanaki tana shan azaba. In ɓauna ce, tana iya laɓewa ta jira wanda ya biyo sawunta. Wannan ne ya sa maharban Turai da na kudanci da gabashin Afirka ba su raina sandar da ake ɗora bindiga a kai.

A ƙasashen Namibiya da Zimbabuwe da Tanzaniya, inda ake farauta da lasin gwamnati, ciyawa takan yi tsawo har ta hana mutum harbi a kwance. Saboda haka mai bin sawu yakan riƙe sanduna 3, sau da yawa na gora, an ɗaure su kusa da kai da robar cikin taya. Da an hango dabba sai ya ware ƙafafunsu ya kafa, maharbi ya ɗora bindiga a gwafar. Mai farauta a can yana da wani dalilin na kula, domin a galibin wuraren, dabbar da ya zubar wa jini ta tsere sai ya biya kuɗinta tamkar ya kashe ta.

A kan duwatsun arewacin Sikotland al'amarin dabam ne. Babu itatuwa sosai, maharbi da rarrafe yake matsawa, ya harba a kwance, doguwar sanda ba ta da amfani a lokacin harbin. Masu bin ƙananan barewa cikin kurmin Ingila su ne ba su rabuwa da ita.

Mai ƙafa 1 ba ta da nauyi, ga saurin kafawa, amma ba ta hana bindiga lilo dama da hagu. Mai ƙafa 3 tana tsayawa da kanta, watau maharbi ya sami hannun ɗaga madubin hangen nesa. Mai ƙafa 4, wadda ta yaɗu a Turai, tana tallabar bindiga gaba da baya, har tsayuwarta ta kusa da ta harbi a kwance. Aibinta shi ne idan dabba ta gusa gefe sai an ɗaga ƙafafun an sake kafawa, barewa kuwa ba ta jiran kowa. A ganinmu, mai farauta shi kaɗai a wuri mai gargada ya fi dacewa da mai 3.

Tsawo shi ne abin dubawa na farko: gwafar ta tsaya daidai ƙirjin mai ita. Sai ƙara, domin sandar alminiyam in ta bugi dutse, dukkan dajin ya ji, ta itace kuwa shiru take. A lura kuma, katakon gaban bindiga ake ɗorawa a gwafa. Wanda ya ɗora ƙarfen kansa, harsashinsa yakan tashi sama da inda ya yi saiti.