BABI NA UKU: GARGAƊIN LALACEWAR FAIFAN AJIYA YAYIN KUNNA TSOFAFFIN KWAMFUTOCIN TEBUR A KARKARAR AREWACIN KANO

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin sassan kwamfutar tebur da aikin kowane ɗayansu. A wannan babi kuwa za a duƙufa ne a kan saƙon da ke fitowa a fuskar kwamfuta da zarar an kunna ta, mai nuna cewa faifan ajiya, wato abin da masu gyara ke kira had-dis, ya kama hanyar lalacewa. Za a nuna asalin wannan saƙo da ma'anarsa, sannan a bambanta shi da waɗansu saƙonni masu kama da shi, domin rashin bambance su ne ke jawo asarar ayyukan mutane.

3.1 Kwamfutocin Da Ake Magana A Kansu

Yankin da wannan nazari ya shafa ya ƙunshi ƙananan hukumomin Bichi da Dambatta da Makoɗa da Minjibir da Dawakin Tofa da Kunci da Tsanyawa. Yanki ne na manoma mai yawan jama'a, inda gona ke manne da gona, ƙauye kuma ba ya nisa da ƙauye. A nan ne Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Bichi take, haka ma Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo da ke Dambatta.

Galibin kwamfutocin tebur da ake samu a shagunan buga takardu da ofisoshin makarantu na wannan yanki ba sababbi ba ne. Na hannu ne, irin su Dell OptiPlex da HP Compaq, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, aka kwaso su zuwa Legas, daga can kuma 'yan kasuwa suka haura da su Kano. Ke nan faifan da ke ciki ya riga ya yi shekaru yana juyawa kafin ya iso Dambatta ko Bichi. A kan irin wannan faifai ne ake tara sakamakon jarrabawar ɗalibai da takardun cinikin gona da jerin sunayen 'yan ƙungiyoyin manoma da kundayen ɗaliban kwaleji. Tun daga shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, zirga-zirgar matasa a waɗannan shaguna ta ƙaru ainun.

3.2 Asalin Gargaɗin

Faifan ajiya wani ƙaramin akwati ne na ƙarfe da ke ɗauke da faranti ɗaya ko fiye mai rufin maganaɗisu. Farantin yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, yayin da wani ɗan hannu mai kan karatu ke shawagi a samansa ba tare da ya taɓa shi ba. An kasa fuskar farantin zuwa ƙananan gurabe, kowane gurbi yana ɗaukar bayit 512 a tsofaffin faifai. Idan gurbi ya lalace, faifan da kansa yakan yi watsi da shi ya ɗauko wani daga cikin waɗanda aka ware domin irin wannan rana. Mai kwamfuta ba ya sanin an yi haka. Amma guraben da aka ware suna da iyaka.

Dabarar da ke sa faifai ya riƙa lura da lafiyar kansa ita ake kira S.M.A.R.T. Kamfanin IBM ne ya fara fito da irinta a shekarar 1992. Daga baya kamfanin Compaq tare da masu ƙera faifai irin su Seagate da Quantum da Conner suka samar da tasu mai suna IntelliSafe, wadda aka miƙa a 1995 domin ta zama tsari na bai-ɗaya. Abubuwan da faifai ke ƙirgawa sun haɗa da yawan guraben da aka musanya, da waɗanda suka ƙi karantuwa, da sa'o'in da ya yi yana aiki, da zafin jikinsa. Kamfanin da ya ƙera shi yakan sa wa muhimmai daga cikinsu iyaka. Idan aka kunna kwamfuta, shirin farko da ke tashi, wato BIOS, yakan binciki kayan ciki, ya kuma tambayi faifai ko ya ƙetare wata iyaka. Amsar biyu ce kawai, ko lafiya ko ba lafiya. Idan ta biyun ce, sai BIOS ya tsayar da tashin kwamfutar ya rubuta gargaɗi.

A kwamfutocin HP Compaq saƙon yakan zo da lamba, kamar haka: "1720-SMART Hard Drive detects imminent failure". A waɗansu kuwa sai a ga "S.M.A.R.T. Status BAD, Backup and Replace". Ma'anar duka biyun ita ce faifai na gab da mutuwa, a kwashe abin da ke ciki a musanya shi. A ƙarƙashin saƙon kuma akan ce a danna F1 domin a ci gaba.

3.3 Matsalar Maɓallin F1

A nan gizo ke saƙar. Wannan maɓalli na F1 ba gargaɗin faifai kaɗai ake wucewa da shi ba. A jikin babban allon cikin kwamfuta akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, mai lamba CR2032 da ƙarfin bolt 3, wanda ke riƙe agogo da saitin BIOS lokacin da babu wuta. Batirin yakan ƙare bayan wasu shekaru, kuma ya fi saurin ƙarewa a kwamfutar da ke daɗewa ba a jone da lantarki ba, wanda shi ne halin da ake ciki a karkara. Idan ya ƙare, kwanan wata sai ya koma baya, kwamfutar HP ta rubuta "163-Time & Date Not Set", ta Dell kuma ta yi ƙorafin raunin batir ko rashin ganin ma'ajin fulofi, duk su ce a danna F1. Waɗannan ba su da haɗari ga abin da aka ajiye. Maganinsu batir ne mai araha.

To, yaron shago da ya yi wata shida yana danna F1 kowace safiya saboda mataccen batir, hannunsa ya riga ya saba. Ranar da rubutun ya sauya zuwa 1720, baƙin allo ne dai da fararen haruffan Turanci kamar kullum, ga mutane suna jira a bakin ƙofa, sai ya danna ya wuce. Kwamfutar kuma ta tashi lafiya lau, abin da ke ƙara tabbatar masa cewa ba komai. Ba za a ɗora laifin duka a kan yaron ba, domin masu tsara BIOS ne suka ba ƙaramar matsala da babba ƙofar fita guda.

Akwai kuma rukuni na uku, inda kwamfuta ke cewa ba ta ga faifan ba sam, alal misali "Disk boot failure" ko "No boot device available". Irin wannan yakan firgita mutane fiye da gargaɗin S.M.A.R.T. saboda aiki ya tsaya cak, alhali sau da yawa shi ne mai sauƙi. Wayar da ta haɗa faifai da babban allo tana iya sassautawa, ko faffaɗar nan mai ramuka 40 ta tsofaffin faifan IDE, ko siririyar SATA da ta yaɗu daga 2003, musamman idan an ɗauko kwamfutar a bayan babur kan hanyar burji. Mataccen batir ma yana iya birkita jerin abin da za a fara tashi da shi. Wato saƙon da ya hana aiki wani lokaci faifansa lafiya ƙalau yake, wanda kuma ya bari aka wuce shi ne mai ɗauke da mugun labari.

3.4 Tasirin Muhalli

An fi ɗora wa ƙurar hunturu laifin kashe faifai. Gaskiyar magana ita ce ƙura ba ta cika shiga cikin faifan ba, domin a rufe yake, 'yar kafar da yake shaƙar iska ta ita kuma akwai matata. Ɓarnar ƙura ita ce toshe fanka da kafofin iska na akwatin kwamfuta, sai zafi ya taru a ciki. Yawancin faifai an ƙera su ne su yi aiki ƙasa da digiri 55 zuwa 60 a ma'aunin Selshiyos. A watannin Maris zuwa Mayu kuwa zafin waje kaɗai yakan haura 40 a ƙasar Kano, balle cikin shagon kwano marar sili.

Lantarki ya fi ƙura ɓarna. Ɗaukewar wuta ana tsakar rubuta bayani takan bar gurbin da aka fara rubutawa ba a gama ba, daga baya ya ƙi karantuwa. Hawa da saukar ƙarfin wuta, ko ta kamfani ko ta ƙaramin janareta da ake haɗa wa injin hoton takardu, yana raunana akwatin rarraba wuta na kwamfuta, wani lokaci har ya ƙona allon da ke bayan faifan. Na'urar UPS takan rage wannan, in dai batirinta na da rai.

3.5 Iyakar Amincin Gargaɗin

A shekarar 2007 Pinheiro da Weber da Barroso na kamfanin Google sun wallafa sakamakon binciken da suka yi a kan faifai fiye da 100,000. Sun gano cewa faifan da aka samu kuskuren karatu na farko a fuskarsa ya ninka sauran sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Amma kuma kashi 36 cikin ɗari na faifan da suka mutu ba su nuna wata alamar S.M.A.R.T. ba ko kaɗan. Abin da wannan ke nufi shi ne idan gargaɗi ya fito a yarda da shi, idan bai fito ba kuma kada a ɗauka shaidar lafiya ce. Wannan na biyun ya shafi mai sayen kwamfuta ta hannu, wanda akan kunna masa ita a kasuwa ya ga ta tashi ba ƙorafi. Ya fi masa ya nemi a buɗe shiri irin CrystalDiskInfo ya duba sa'o'in aikin faifan da yawan guraben da aka musanya.

3.6 Matakan Da Suka Dace

Abin da ya kamata a fara yi bayan ganin gargaɗi shi ne karanta shi, ko a ɗauki hotonsa da waya a nuna wa wanda ya sani. Idan ya tabbata na S.M.A.R.T. ne, a danna F1 sau ɗaya domin kwashe ajiya zuwa filas ko wani faifai, a fara da abin da ba za a iya sake samu ba, kamar sakamakon ɗalibai da takardun filaye, a bar finafinai da waƙoƙi zuwa ƙarshe. Gwajin faifai, wanda ake samu ta F10 a HP ko F12 a Dell, sai bayan an gama kwashewa, domin gwajin kansa wahala ce ga faifan da ya raunana.

Akwai abubuwa biyu da waɗansu masu gyara kan yi waɗanda ba gyara ba ne. Na farko shi ne shafe faifan a sake ɗora Windows. Wannan ba ya mayar da lissafin da faifai ya riƙe a cikin kansa, kuma idan ba a kwashe ajiya ba tukuna, an hallaka ta da hannu ke nan. Na biyu, wanda ya fi muni, shi ne shiga BIOS a kashe binciken S.M.A.R.T. Saƙon zai daina fitowa, mai shago ya biya kuɗi ya koma gida da murna, faifan kuwa yana nan a halin da yake.

Idan faifai ya fara ƙarar ƙas-ƙas a jere, alama ce kan karatun ya kasa samun wurinsa, don haka a kashe kwamfutar nan take, kada kuma a kwance murfin faifan a shago. Game da wanda za a musanya da shi, kwamfutar da ke da mahaɗin SATA tana karɓar sabon nau'in ma'aji na SSD, wanda ba shi da faranti mai juyawa, ya kuma fi jure girgizar hanya. Wadda ba ta da sai IDE kuwa, kusan duk faifan da za a samo mata a kasuwa shi ma na hannu ne, saboda an daɗe da daina ƙera irinsa, don haka sai a duba lissafin S.M.A.R.T. ɗinsa kafin a biya.