Injin Niƙa a Cikin Ƙwayar Zazzaɓin Cizon Sauro

Duk damina, idan ruwa ya kwanta a lungunan Zongo na birnin Kwatano, sauro kan yi yawa, zazzaɓi ya biyo baya. Maganin da aka fi bai wa majiyyata a Jamhuriyar Benin shi ne haɗin da ke ɗauke da sinadarin atimisinin, irin su Coartem. Aikin wannan sinadari shi ne lalata furotin ɗin da ƙwayar cutar take rayuwa da shi. Amma ƙwayar tana da abin kare kanta.

A cikin kowace ƙwayar halitta ta mutum, haka ma ta wannan cuta, akwai wani abu da ake kira furotiyasom. Kamar injin niƙa yake. Furotin da ya lalace sai a liƙa masa wata alama mai suna yubikitin, a tura shi ciki, a niƙe shi, a sake gina sabo da gutsattsarinsa. Masanan da suka gano wannan alama, Aaron Ciechanover da Avram Hershko da Irwin Rose, sun sami lambar Nobel a 2004.

Tsakiyar injin tana kama da ganga: zobba 4, kowane da yanki 7, wato yanki 28. Yawancinsu jikin gangar ne kawai. Masu yankan iri uku ne: beta 1 da beta 2 da beta 5. Idan aka toshe su, shara ta taru, ƙwayar ta mutu. Haka maganin bortezomib yake yi wa sankarar ɓargo, ta hanyar toshe beta 5, kuma an amince da shi a Amurka tun 2003.

Matsalar ita ce, maganin da zai tsayar da injin ƙwayar zazzaɓi kada ya tsayar da na majiyyaci. A 2016 masu bincike a Amurka da Ingila suka nuna cewa bakin beta 2 na ƙwayar zazzaɓi ya fi na mutum faɗi, har suka haɗa sinadarin da ya dace da shi. Da suka gama shi da atimisinin a ɗakin gwaji, ya kashe har ƙwayoyin da suka fara jure wa atimisinin.

Wannan juriya ce abin tsoro. An fara ganinta a Kambodiya, kuma a 2020 aka ba da rahoton ɓullarta a Ruwanda. Sabon maganin dai bai kai shagunan magani ba tukuna.